ZUCIYA BA AGOGO BA CE: Tarihin Masu Ƙidayar Bugu Da Jijiya Mai Yawo

Yau sai kun yi mini afuwa, domin na ɗan jingine labarin soyayya da rikicin kishiyoyi a gefe, na ɗauko wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu marubuta babu kalmar da muke wahalarwa irin zuciya. Na fi shekara 20 ina rubuta cewa gabanta ya faɗi, ko zuciyarsa ta shiga dukan uku-uku, amma da za a tsare ni a ce in faɗi abin da ke sa zuciya sauri da abin da ke rage mata gudu, da sai dai in yi zuru. A ƙarshen shekarar 2024 wani abu ya faru a gidanmu wanda ya tilasta mini neman amsar.

Ƙanwata, autarmu, tana da yaro ɗan shekara 11 da ke fama da farfaɗiya tun yana ƙarami. Yana shan maganin asibiti safe da dare, ciwon ya yi sauƙi amma bai tafi ba. Ga kuɗin magani kullum hawa yake, ga surutun mutane, wannan ya ce iska ce, wancan ya hana 'ya'yansa cin abinci kwano ɗaya da shi. Ran nan sai ga ta ta shigo da fara'arta, ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a kunne, da agogon hannu irin na zamani. Wurin wani mai talla a intanet ta saye su, sai da ta sayar da 'yan kunnenta na gwal.

Ta ce, "Yaya, wahala ta ƙare. Wannan abin wata jijiya yake tayarwa a kunne. Mutumin ya ce in na ga lambar nan ta agogo tana hawa, to yana aiki, bayan wata guda sai a daina ba shi ƙwaya."

Na ce, "Auta, lambar mece ce?"

Ta ce ita dai HRV aka ce mata. Ta ɗaura agogon a hannunta, ta maƙala abin a kunne, ta zauna shiru tana jan numfashi a hankali kamar yadda mai tallan ya koya mata. Bayan minti 5 lamba ta tashi daga 34 zuwa 52. Gani ya kori ji, ni kaina sai da jikina ya yi sanyi. Amma maganar daina ƙwaya ta tsaya mini a rai, na roƙe ta ta ba ni mako biyu. Na kira wata likita mai karanta littattafaina, tun ban rufe baki ba ta ce, "Anti, don Allah kada ku taɓa maganin nan." Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani, ta kuma nuna mini inda zan karanta. Abin da na tsinto ne na kawo muku yau.

LIKITOCIN DA SUKA KAMA MASOYA

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne, ashe tun asali da soyayya aka soma. Jalinus, likitan nan Bagirke da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2, ya ba da labarin wata matar aure da aka kira shi dubawa, ba ta barci, ba ta da zazzaɓi, ta kuma ƙi magana. Yana riƙe da wuyan hannunta sai wani ya shigo ya ambaci sunan wani ɗan rawa mai suna Pylades, nan take bugun jijiyarta ya rikice. Da aka ambaci wasu 'yan rawar daban a kwanakin da suka biyo baya, ko gezau. Daga nan ya gano ciwon. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya rubuta irin wannan dabara a littafinsa Al-Ƙanun: a riƙe hannun wanda ake zaton ciwon so ke damunsa, a yi ta jero sunayen mutane da unguwanni da gidaje, a lura da inda bugun zai canja.

Wato tun tuni masana suka san cewa bugun zuciya yana ɗauke da labarin abin da ke cikin kai. Abin da ba su sani ba shi ne hanyar da saƙon ke bi, kuma ba su da ma'auni sai yatsunsu.

ALADE DA GOƊIYA DA KWAƊO

A nan sai mai karatu ya lura, mu Hausawa da jijiyar da jini ke bi da wadda ke ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki, duk jijiya muke ce musu. Wadda muke magana a kanta ta saƙo ce. Ita ce ta 10 a cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tana gangarowa ta wuya, ta ba maƙogwaro reshe, ta ba zuciya da huhu, ta wuce har ciki da hanji. Saboda wannan yawo nata aka sa mata suna bagus, wato mai yawo da harshen Latin.

Jalinus ɗin nan dai shi ne ya nuna ikon wani reshenta a gaban jama'a. Ya ɗaure alade yana ta ihu, ya yanke reshen da ke zuwa maƙogwaro, alade ya ci gaba da mutsu-mutsu amma murya ta ɗauke ɗif. Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kansa.

Sai a 1733 wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya buga sakamakon wani gwaji mai ban tausayi. Ya kwantar da goɗiya, ya zura bututun tagulla a jijiyar jinin cinyarta, ya haɗa da bututun gilashi mai tsawon ƙafa 9. Jini ya hau sama da ƙafa 8, kuma bai tsaya wuri guda ba, yana hawa yana sauka. A 1847 wani Bajamushe, Carl Ludwig, ya ƙera ganga mai juyawa da alƙalami ke zane a jikinta, ta yadda bugu zai bar sawunsa a takarda. Da ita ya nuna a jikin kare cewa zuciya na ƙara sauri idan an shaƙi iska, ta kuma lafa idan an fitar.

Shekara biyu kafin haka, a 1845, wasu 'yan'uwa biyu a birnin Leipzig na Jamus, Ernst da Eduard Weber, sun sa wa jijiyar bagus ta kwaɗo lantarki, sai zuciyar ta rage gudu, har ta tsaya cik. Wannan ya ɗaure wa masanan lokacin kai, domin abin da aka sani shi ne jijiya tana sa gaɓa motsi. Ba a taɓa ganin jijiyar da aikinta hanawa ne ba.

Yadda take hanawar kuwa, wani malami a birnin Graz na Ostiriya, Otto Loewi, shi ya warware, kuma a mafarki dabarar ta zo masa. Kamar yadda ya ba da labari da kansa, ya farka cikin dare ya rubuta a 'yar takarda, da gari ya waye ya kasa karanta rubutun nasa. Mu marubuta mun san wannan takaici. Dare na biyu mafarkin ya dawo wajen ƙarfe 3, bai tsaya wata-wata ba ya nufi ɗakin gwaji. Ya ɗauki zuciyar kwaɗo biyu, kowace a cikin ruwan gishiri. Ya sa wa jijiyar ta farko lantarki har ta rage gudu, sannan ya ɗebi ruwanta ya zuba wa ta biyun da ba ta da jijiyar, ita ma sai ta lafa. Ashe wani sinadari jijiyar ke zubarwa. Ya buga wannan a 1921, daga baya aka tabbatar sinadarin shi ne asetilkolin, kuma a 1936 aka ba shi kyautar Nobel tare da Henry Dale na Ingila.

BIRKI DA TOTUR

Ga taƙaitaccen abin da likitar ta fahimtar da ni. A saman zuciya ta ɓangaren dama akwai wani ɗan gurbi da ke kunna kowane bugu. In aka ƙyale shi shi kaɗai, zai riƙa bugawa wajen sau 100 a minti. Abin da ya sa mai lafiya da ke zaune yake samun 60 zuwa 80 shi ne jijiyar bagus tana taka masa birki dare da rana. Akwai kuma wasu jijiyoyin da ke aikin totur, su ne ke tashi in an firgita ko ana gudu. Totur yana ɗaukar 'yan sakan kafin ya kama, birki kuwa yana kamawa kafin bugu na gaba. In ka shaƙi iska birki ya ɗan saki, in ka fitar ya ɗan kama.

Saboda haka tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ba ta zama ɗaya. Wannan ya zo bayan milisakan 950, na gaba bayan 1,020, na gabansa bayan 980, shi milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Wannan saɓani na tazarar bugu shi Turawa suka taƙaita da haruffan HRV. Mai karatu zai iya gwadawa yanzu: ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ka ja numfashi a hankali ka sake a hankali, za ka ji shi, musamman in kai matashi ne. Wanda aka yi wa dashen zuciya kuwa, da yake an yanke jijiyar wajen aikin, zuciyarsa kan yi sauri ko yana hutawa, kuma tazarar kusan ɗaya take kamar ta agogo.

Auna milisakan ba aikin yatsa ba ne. Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Willem Einthoven na birnin Leiden a Holan, wanda a farkon shekarun 1900 ya ƙera na'urar zana lantarkin zuciya, kakar wadda muke ji ana kira ECG a asibiti. Nauyinta ya kai kilo 270, mutum 5 ke sarrafa ta, majiyyaci kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitan ruwan gishiri. Shi ya sa wa tudu da kwarin zanen haruffan P, Q, R, S, T, kuma har yau daga tsinin R zuwa tsinin R na gaba ake auna tazara. Ya sami Nobel a 1924.

DAIDAITON DA KE BAN TSORO

A ɗaya daga littattafaina na taɓa sa wani likita ya ce wa mijin majiyyaciya ya kwantar da hankalinsa, zuciyarta na bugawa daidai kamar agogo. Da na san abin da na sani yanzu da ban rubuta ba. A shekarun 1960 wani likitan haihuwa a Amurka, Edward Hon, da abokan aikinsa suka lura cewa idan jariri ya shiga wahala a ciki, tazarar bugunsa kan canja tun kafin yawan bugun kansa ya nuna komai. Har yau in ungozoma ta ga zanen zuciyar jariri ya miƙe sumul babu hawa da sauka na tsawon lokaci, hankalinta tashi yake. A wannan zamanin ne kuma a Tarayyar Sobiyet, Roman Baevsky yake nazarin tazarar bugun 'yan sama-jannati don sanin halin da jikinsu ke ciki a sararin samaniya. A shekarun 1970 likitoci a Birtaniya, ciki har da David Ewing na Edinburgh, suka nuna cewa idan ciwon suga ya lalata jijiyoyin zuciya, saɓanin nan yakan ɓace ko mutum ya ja dogon numfashi.

A 1981 Solange Akselrod da abokan aikinta a Amurka suka yi amfani da kwamfuta suka rarraba saɓanin gida-gida, mai sauri daban, mai jinkiri daban. Da suka ba karnuka maganin da ke toshe aikin jijiyar bagus, sai saɓani mai sauri, mai tafiya da numfashi, ya ɓace. Wannan ya tabbatar sawunta ne. A 1987 kuma Robert Kleiger da tawagarsa suka buga binciken da ya fi kowanne jan hankali. Sun bi mutum 808 da jijiyar jinin zuciyarsu ta taɓa toshewa, suka ɗauki zanen zuciyarsu na awa 24. Waɗanda ma'aunin saɓaninsu ya gaza milisakan 50, haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka haura 100 fiye da sau 5. Da abin ya yi yawa kowa na auna nasa yadda ya ga dama, a 1996 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai da wata takwararta ta Arewacin Amurka suka fitar da ƙa'ida: a auna na minti 5 ko na awa 24, ga sunan kowane ma'auni, ga yadda ake lissafa shi.

LANTARKI A WUYA

Wannan hanya guda ke nan, ta masu awo. Akwai ta biyu, ta masu son taɓa jijiyar don magani. A shekarun 1880 wani likita a New York, James Leonard Corning, ya ƙera wani ƙarfe mai baki biyu da ake danna wa mai farfaɗiya a wuya, daga baya ya haɗa masa lantarki. Mutane suka riƙa jiri da suma, aka watsar da abin. Sai bayan shekara 100, a tsakiyar shekarun 1980, Jacob Zabara na Jami'ar Temple da ke Philadelphia ya nuna cewa lantarki a jijiyar bagus yana katse farfaɗiya a jikin karnuka. A 1988 aka dasa wa mutum na farko na'urar a jihar North Carolina. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don farfaɗiyar da ta gagari ƙwaya a 1997, don tsananin ciwon damuwa a 2005, sannan wata irinta don taimaka wa hannun masu shanyewar ɓarin jiki a 2021, da wata don amosanin gaɓɓai a 2025.

Ita ta farfaɗiyar aikin tiyata ce. Ana binne 'yar na'ura mai batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, a ja waya a naɗe ta a jijiyar wuya ta hagu. Yawanci takan yi aiki sakan 30 ta huta minti 5. Dalilin zaɓen hagu shi ne ta dama ta fi kusanci da gurbin da ke kunna bugu, ba a son a dami zuciya. Illar da aka fi gani kuwa ita ce dushewar murya duk lokacin da lantarkin ya shiga, kun ga aladen Jalinus ya dawo ke nan. Abu mafi muhimmanci a wurinmu shi ne, ko wanda aka yi wa wannan tiyata ba ya daina ƙwaya. Ƙari ce a kan magani. Kusan rabin waɗanda aka dasa wa ne yawan faɗuwarsu ke raguwa da rabi bayan an daɗe ana yi, waɗanda ke rabuwa da ciwon gaba ɗaya kuwa 'yan kaɗan ne.

INDA HANYOYIN SUKA HAƊU

Tiyata akwai tsada da haɗari, don haka aka koma neman inda jijiyar ta leƙo kusa da fata. Akwai wani ƙaramin reshe nata a kunne, shi ne ma dalilin da wasu mutane ke tari in suna sosa kunne da tsinke ko gashin kaza. A 2002 wasu masana biyu a Jamus, Peuker da Filler, suka feɗe kunnuwa 14 na gawawwaki 7, suka nuna wani ɗan kwari a saman ramin kunne da wannan reshe ke rufewa. Daga nan na'urorin maƙalawa suka yawaita. Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya mai bincike zai san lantarkinsa ya isa jijiyar? Sai tunani ya tafi kan saɓanin tazarar bugu, tunda an ce sawun bagus ne, ga sauƙi ga araha.

Da farko abin ya yi armashi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Leeds ta Ingila suka gwada a kan mutum 48 masu lafiya, suka ga sauyi mai ƙarfafa gwiwa. Wasu suka gwada suka gani, wasu suka gwada ba su ga komai ba. A 2021 wasu masana a Jamus suka tattara bincike 16 da aka kwatanta lantarkin gaske da na bogi, suka haɗa lissafinsu wuri guda, sakamakon ya nuna babu wani bambanci a ma'aunin da ke nuna aikin bagus a zuciya.

Dalilan suna da yawa. Wajen kashi 80 cikin 100 na zaren da ke cikin jijiyar saƙo suke kaiwa sama zuwa ƙwaƙwalwa, kaɗan ne ke gangarowa da umarni. Reshen kunne kuwa mai kai rahoto ne, ba shi da hanyar kai tsaye zuwa zuciya. Don haka lantarki zai iya yin aiki a ƙwaƙwalwa zuciya ba ta nuna ba, zuciya kuma za ta iya nunawa alhali ciwon yana nan. Sannan shi awon kansa abu kaɗan ke juya shi: saurin numfashi, zama ko kwanciya, safiya ko yamma, shekarun mutum, sigari, shayi ko kofi ko goro, da magungunan da ake sha. Lantarkin na'urar ma yakan shiga zanen ECG ya ɓata shi, kuma bugu ɗaya tak da ya zo ba a kan lokaci ba zai iya kumbura lissafin minti 5 in ba a tsince shi an cire ba. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai yake zaunar da mutum ya huta tukuna, ya auna numfashinsa tare da zuciyarsa, ya kuma ware wasu mutanen a sa musu lantarkin a fatar kunne ta ƙasa, inda ake huda 'yan kunne, wurin da reshen bai kai ba, ba tare da sun san wanne aka yi musu ba. Agogon hannu kuwa ba lantarkin zuciya yake aunawa ba in yana wannan lissafi na yau da kullum, koren haske yake haskawa a fata yana kallon wucewar jini, motsi kaɗan sai ya rikice.

Har manyan likitoci sun taɓa cin karo da wannan dutse. An yi tunanin tunda masu raunin zuciya saɓaninsu kaɗan ne, to in an tayar musu da jijiyar za a tsawaita ransu. Aka yi babban gwaji mai suna INOVATE-HF da mutum 707, sakamakon ya fito a 2016, bai rage mace-mace ko tsanantar ciwon ba. Bincike a kan na'urar kunne yana nan ana yi a jami'o'i da dama, kuma ba na cewa ba za a ci ribarsa ba wata rana. Masu yin sa da gaske dai su ne suka fi kowa taka-tsantsan da lambar nan.

KOMAWA GIDA

Da mako biyu suka cika na je gidan Auta da kaina. Na ce ta ɗaura agogon, ni zan maƙala mata abin a kunne in kunna. Na tsaya ta bayanta, na zare batirin na damƙe a hannuna. Ta zauna shiru tana jan numfashi a hankali. Bayan minti 5 lamba ta tashi daga 36 zuwa 50.

Ta ce, "Kin gani ko, Yaya?"

Na buɗe tafin hannuna na nuna mata batirin. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta taɓa kunnenta inda 'yan kunnen gwal suke a da, hawaye ya zubo mata. Ban ce mata komai ba, domin da ɗana ne ni ma da na saya. Jan numfashi a hankali shi kaɗai yana ɗaga lambar, Ludwig ya ga yadda numfashi ke sauya bugu a jikin kare tun 1847, mai tallan nan kuwa ko ya sani ya ɓoye, ko bai sani ba yake wasa da ran 'ya'yan mutane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Daina ƙwayar farat ɗaya kuwa yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa, wadda kan kai ga rasa rai. Mun mayar da yaron asibiti, likitansa ya sake duba nauyinsa ya gyara masa yawan maganin, dangi kuma muka yi karo-karo na kuɗin wata-wata. Yana nan yana zuwa makaranta. Agogon yana hannun Auta, da shi take duba lokacin ba shi ƙwaya.

Ni kuma na ɗauko tsohon littafin nan nawa, na ja layi a kan maganar likitan da ya ce kamar agogo, in an zo sake bugawa za a gyara. Duk wanda ke da mai irin wannan lalura a gida, in an kawo masa wani abu da lamba mai hawa, ya fara kai wa likitan da ke duba majiyyacin kafin ya taɓa magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mu kwana nan, sai a fitowa ta gaba za mu koma kan labarinmu inda muka tsaya.